Yadda ƙaramar hukuma ke karɓo kuɗin sintirin ruwa, ƙanƙara da daji daga asusun jiha a Wiskonsin

A jihar Wiskonsin ta ƙasar Amurka, ɗan sandan gunduma guda yana iya sauya abin hawa sau uku cikin shekara ɗaya. Da bazara yana cikin jirgin ruwa mai inji yana zagaya tafki. Idan ganye ya fara zuba sai ya koma kan babur mai ƙafa huɗu, wanda suke kira ATV, ya shiga hanyoyin daji. Da sanyi ya kankama, ƙasa ta yi fari fat, sai ya hau babur ɗin ƙanƙara, wato wannan abin hawa mai sulɓi a gaba da bel a baya. Jihar tana da tafkuna sama da 15,000, da hanyoyin babur ɗin ƙanƙara da tsawonsu ya kai kimanin mil 25,000, a cikin gundumomi 72. A ƙauyen Sayner da ke gundumar Vilas ne ma Carl Eliason ya haɗa ɗaya daga cikin baburan ƙanƙara na farko a shekarar 1924. Jami'an Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa ta jiha, wadda kowa ya sani da DNR, ba su da yawan da za su iya tsare wannan fili su kaɗai. Shi ya sa jiha take biyan ƙananan hukumomi su fita sintiri da jami'ansu.

Wannan jagora na wanda aka ɗora wa alhakin takardun ne, ko sajan mai kula da sintiri, ko akawu a ofishin kuɗi, ko wanda kawai yake son ya san yadda kuɗin ke tafiya. Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne jiha ba ta ba da kuɗi tun kafin aiki. Ƙaramar hukuma ce za ta kashe nata, ta biya albashi, ta sha mai, ta gyara inji, sa'an nan ta kawo shaida a rubuce, a mayar mata da wani kaso. Duk matakan da ke ƙasa daga wannan suka samo asali.

Daga ina kuɗin yake fitowa

Mafi yawansa daga aljihun masu abin hawan ne. Mai jirgin ruwa mai inji yana sabunta rajista duk shekara uku. Mai babur ɗin ƙanƙara ma duk shekara uku, ga kuma takardar izinin shiga hanya da yake saya kowace shekara. Mai ATV duk shekara biyu. Kowane rukuni da asusunsa a cikin babban asusun kare albarkatun ƙasa na jiha, kuma majalisar dokoki ce take yanke adadin da za a ware wa sintirin ƙananan hukumomi a kasafin da take yi na shekara biyu biyu. A ɓangaren ruwa akwai ƙarin tallafin tarayya da ke zuwa wa jihohi ta hannun rundunar tsaron gaɓar teku ta Amurka, tsarin da ya samo tushe daga dokar kiyaye haɗurran jiragen ruwa ta 1971, kuma harajin man da jiragen ke sha yana cikin abin da ke cika wannan asusu.

Wannan rabuwar asusu tana da tasiri a kan takardunka. Kuɗin masu jirgi ba ya biyan sintirin ƙanƙara, na ƙanƙara ba ya biyan na daji. Ko da jami'i ɗaya ne yake yin ukun, lissafi uku za ka buɗe masa.

Mataki na farko: tabbatar hukumarka tana cikin waɗanda doka ta ambata

A nan ake fara yin tuntuɓe. Sintirin ruwa ƙofarsa a buɗe take sosai: gunduma, birni, ƙauye mai majalisa, ƙaramin yanki, har da hukumar kula da wani tafki ta musamman, duk suna iya nema a ƙarƙashin sashe na 30.79 na dokokin jiha. Akwai wuraren da garuruwan da suka kewaye tafki ɗaya suka haɗa hannu suka kafa rundunar sintiri guda, kamar yadda ake yi a tafkin Geneva da ke kudancin jihar. Sintirin ƙanƙara da na ATV kuwa na gundumomi ne, ta ofishin sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma da jama'a ke zaɓa da ƙuri'a. Dokar babur ɗin ƙanƙara tana babi na 350, ta ATV kuma tana sashe na 23.33. Idan kai ma'aikacin ƙaramin gari ne kuma hanyar ƙanƙara ta ratsa ta bayan kasuwarku, maganarka da ofishin sherif take, ba da asusun jiha kai tsaye ba.

Kason da ake mayarwa ma ba ɗaya ba ne. Na ruwa yana kaiwa kashi 75 cikin ɗari na ainihin abin da aka kashe. Na ƙanƙara da na ATV yana iya kaiwa kashi 100. Ka lura da kalmar "kaiwa". Rufi ne, ba alkawari ba, za mu dawo kanta.

Mataki na biyu: kasafin gida

Tunda sai ka kashe kafin a biya ka, dole majalisar gunduma ko ta gari ta amince da cikakken kuɗin sintirin a kasafinta. Ƙananan hukumomin Wiskonsin suna fara shekarar kuɗi ne a watan Janairu, suna zartar da kasafi da kaka. Ke nan sintirin ruwan da za a yi a watan Yuli, maganarsa tun watan Oktoba ko Nuwamba na shekarar da ta gabace shi ake gamawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawarata ita ce kada ka rubuta kashi 75 a gurbin kuɗin shiga. Ka nemi adadin da aka mayar wa hukumarku a shekaru uku da suka wuce, ka ɗauki mafi ƙanƙanta, ka yi lissafi da shi. Idan abin da ya zo ya ɗara haka, ba wanda zai tuhume ka.

Mataki na uku: sanarwar niyyar sintiri

Fom ne mai shafi kaɗan, lambarsa 8700-59, amma shi ne mabuɗi. A cikinsa kana gaya wa DNR cewa hukumarku za ta yi sintiri a wannan kaka, da inda za a yi, da wanda za a tuntuɓa. Na ruwa dole ya isa zuwa ranar 1 ga Maris ta shekarar da za a yi sintirin. Na ƙanƙara da na ATV zuwa 1 ga Yuni.

Ranar 1 ga Maris tana da yaudara. A lokacin tafkunan arewacin jihar suna daskare, masu kamun kifi suna zaune a 'yan bukkokinsu a tsakiyar ƙanƙara, jirgin sintiri yana rufe a shago, hankalin kowa yana kan baburan ƙanƙara. Ta 1 ga Yuni kuma akasin haka ce: ana ta shirin shiga ruwa, ba mai tuna hunturu. Ka sa ranakun biyu a kalandar ofis da jan biro, ka kuma sa su a kalandar wani mutum na biyu, domin ma'aikaci yakan tafi hutu ko ya canza aiki. Wanda bai aika wannan fom ba, ko ya yi sintiri dare da rana, ba shi da hurumin neman ko sisi a ƙarshen shekara.

Mataki na huɗu: mutane, kayan aiki da dokar gida

Sintirin da jiha ke biya na jami'in tsaro ne mai ikon kamawa da ba da takardar laifi, wanda ya cika sharuɗɗan hukumar da ke tantance 'yan sanda a jihar. 'Yan sa kai suna da amfani, kuma ba don ƙungiyoyinsu ba da hanyoyin ƙanƙara ba su wanzu ba, su ne ke share su, su kafa alamomi, su roƙi masu gonaki izinin ratsawa. Amma ba aikinsu ne wannan asusu yake biya ba. DNR tana da jami'ai na musamman masu kula da harkar nishaɗin waje a kowane yanki, kuma su ne abokan hulɗarka. Ka san naka tun kafin ka buƙace shi, ka halarci horon da yake kira.

Kayan aiki masu tsada, kamar jirgi da injinsa da tirelar jansa, ba a mayar da kuɗinsu gaba ɗaya a shekarar da aka saya. Ana raba farashin ne a kan shekaru, kowace shekara ka nemi kasonta. Saboda haka rasit ɗin jirgin da aka saya bana zai yi maka aiki shekaru masu zuwa, ka adana shi inda ba zai ɓace ba. Idan kuma ana amfani da jirgin ko motar a wani aiki daban, kason sintiri kaɗai za ka nema. Kafin ka sayi babban abu, ka tambayi jami'in yankinku a rubuce ko zai shiga lissafi.

Idan garinku yana son kafa dokar ruwa ta kansa, misali taƙaita sa'o'in gudu a wani tafki, sashe na 30.77 ya ce a miƙa wa DNR daftarin ta duba aƙalla kwana 60 kafin a zartar, kuma a manna dokar a wuraren da jama'a ke saukar da jirage. Takardar laifin da aka bayar a kan dokar da ba a manna ba, wahala ce kawai za ta jawo a kotu.

Mataki na biyar: littafin aikin yau da kullum

A nan kuɗin yake, a nan kuma yake zubewa. Kowace fita tana da takardarta: kwanan wata, sunan jami'i, tafki ko hanyar da aka bi, lokacin farawa da na gamawa, abin da aka yi, mutum nawa aka tsayar, takardar laifi nawa, gargaɗi nawa.

A ce ranar Asabar ce a watan Yuli. Jami'ai biyu sun iso ofis da ƙarfe goma, sun ɗaura tirela, sun yi tafiyar minti arba'in zuwa tafki, sun saukar da jirgi. Sun tsayar da wani jirgin shaƙatawa mai mutum bakwai, suka ce a nuna rigunan ceto, aka ƙirga shida, ta bakwai babu, alhali doka ta ce kowane mutum da tasa. Sun tsayar da wani saurayi a kan babur ɗin ruwa yana tayar da igiya dab da gaɓa, inda doka ta ce irin wannan abin hawa ya tafi a hankali cikin ƙafa 200 daga bakin tafki. Suka nemi takardar shaidar horo, tunda duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1989 sai da ita zai tuƙa. Da la'asar aka kira su cewa injin wani ya mutu a tsakiyar ruwa ga hadari ya haɗo, suka jawo shi. Suka dawo, suka wanke jirgi, ɗaya ya zauna ya cike takardu har ƙarfe bakwai.

Idan aka rubuta "sintiri, awa tara", an cuci gunduma. Wannan yini ya ƙunshi aiki iri daban daban: lokacin da aka yi a kan ruwa, lokacin tafiya da gyara da cike takardu, da lokacin ceto. Mai binciken kuɗi yana kallon kowanne da ido daban. Akwai iyaka ga yawan sa'o'in aikin ofis da za a biya idan aka gwada da jimillar sa'o'in. Aikin ceto, binciken haɗari, halartar horo da koyar da darasin kiyaye haɗari kuma suna da gurbinsu na daban. Akwai kuma mafi ƙarancin sa'o'in sintiri da dole a cika a kowace kakar sintiri kafin a cancanci biya, abin da yakan ba gundumomin kudancin jihar ciwon kai a shekarar da ƙanƙara ba ta sauka sosai ba, hanyoyi suka buɗe kwana kaɗan suka rufe.

A cike takardar a ranar, kafin a tafi gida. Wadda aka cike bayan mako uku daga ƙwaƙwalwa ana gane ta: duk ranakun suna farawa da ƙarfe goma daidai, suna ƙarewa ƙarfe shida daidai, da biro ɗaya. Kuma sa'o'in da ke cikinta dole su yi daidai da na takardar albashi. Idan littafin sintiri ya ce awa takwas, ofishin albashi ya ce shida, shida za a ɗauka, sa'an nan a fara zargin sauran shafukan. Kowane wata ana tattara waɗannan takardu a rahoto guda a aika wa DNR, kada ka bari su taru.

Da hunturu abin ya fi wuya, don hannu a daskare yake, biro ma yakan ƙi rubutu. Jami'in da ya tsaya a mahaɗar hanya da dare yana auna gudu, tunda bayan duhu doka ta hana wuce mil 55 a awa, ko yana gwada numfashin wanda ya fito daga mashaya, ba shi da sha'awar cire safar hannu ya rubuta lokaci. Fensir da ɗan ƙaramin littafi a aljihun ƙirji sun wadatar, a kwafe a fom idan an shiga ɗumi.

Mataki na shida: takardun laifi da gargaɗi

Tsarin yana gwada yawan sa'o'in sintiri da yawan takardun laifin da aka bayar. Idan sa'o'i sun yi yawa takardu sun yi kaɗan, ana rage sa'o'in da za a biya. Gargaɗin da aka yi a rubuce yana shiga lissafi, amma bai kai nauyin takardar laifi ba, na baki kuwa ba ya shiga sam.

Na fahimci dalilin. Jiha ba ta son ta biya mutum ya yini yana shan iska a tafki. Amma ni ina ganin ma'aunin yana da gurguwar ƙafa. Tafkin da jirgin sintiri ya saba zagayawa, mutane sukan gyara halinsu, laifi ya ragu, ga shi kuma raguwar laifin tana iya rage abin da za a biya. Ba ina cewa a fita farautar takardu ba. Abin da ke hannunka shi ne ka tsara sintiri a lokacin da jama'a suke: ƙarshen mako, hutun 4 ga Yuli da ake yin gangamin kama masu tuƙi cikin maye a faɗin ƙasar, daren Juma'a da Asabar a hanyoyin ƙanƙara, wuraren da masu gonaki suka yi kukan ana kauce hanya ana tattake musu fili. Sa'an nan duk gargaɗin da jami'i ya ga ya dace, ya rubuta shi. Yaro ɗan ƙasa da shekara 18 a kan ATV babu hular kwano, an ja kunnen uban da baki an wuce, wannan aiki ne da aka yi amma babu shi a lissafi.

Ka riƙa bin sawun kowace takarda har kotu, ka san hukuncin da aka yanke da tarar da aka ci. Za ka buƙace su a mataki na gaba.

Mataki na bakwai: takardar neman biya

Ta ruwa tana bin shekarar kalanda, kuma dole ta isa zuwa 31 ga Janairu na shekara mai biyowa. Ta ƙanƙara da ta ATV suna ɗaukar watanni goma sha biyu daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Afrilu, a miƙa zuwa 1 ga Yuni. Ka ga ke nan 1 ga Yuni tana ɗauke da kaya biyu: neman biyan kakar da ta wuce, da sanarwar niyyar mai zuwa. Babban fom shi ne 8700-60, yana tafiya da jadawalin albashi, jadawalin mai da tafiya da kayan masarufi, jadawalin rabon farashin manyan kaya, da jerin laifukan da aka kama. Kowane layi da rasit ɗinsa a bayansa. Mai da aka sha a gidan mai da katin gunduma, a rubuta a jikin rasit ɗin ko na jirgi ne ko na motar da ta ja shi, da ranar. Ka fara haɗawa tun watan Disamba, domin ofishin albashi a Janairu yana fama da rufe littafin shekara, ba zai saurare ka da wuri ba.

Mataki na takwas: bincike da lissafin ƙarshe

Jami'in DNR zai zauna da takardunka ya bi su, ya cire abin da bai cancanta ba. Bari mu yi misali da adadi na ƙage don a ga yadda lissafin ruwa yake tafiya. A ce wani gari ya nemi dala 44,000. Mai bincike ya cire 2,000 saboda sa'o'in ofis sun zarce iyaka da wasu rasit da suka ɓace, saura 42,000. Doka ta ce a cire tarar da aka ci waɗanda aka samu da laifin karya dokar ruwa ta garin, a ce 2,000, saura 40,000. Kashi 75 na wannan shi ne 30,000.

Da sauran rina a kaba. Abin da majalisa ta ware ba ya ƙaruwa don masu nema sun ƙaru. Idan jimillar abin da dukan rundunoni suka cancanta ya zarce abin da ke asusu, sai a rage wa kowa daidai gwargwado. Idan a wannan shekara asusun ya iya ɗaukar kashi 80 ne kawai na abin da ake bin sa, garin namu zai ga 24,000. Ga kuma wani sharaɗi a ɓangaren ruwa: babu hukumar da za ta kwashi fiye da kashi 20 na kuɗin da aka ware, don kada manyan rundunoni su cinye na ƙanana. Ragin gwargwado yana aiki a ƙanƙara da ATV ma, shi ya sa kashi 100 da ke rubuce ba lalle ya zama shi ne ke shiga asusun gunduma ba. Kuɗin ruwa yakan iso zuwa farkon Afrilu, na ƙanƙara da daji sai wajen kaka.

Idan mai bincike ya cire wani abu, ka nemi dalilin a rubuce ka ajiye a fayil ɗin baɗi. Yawancin abin da ake cirewa yana maimaita kansa ne shekara bayan shekara a hannun ma'aikata daban daban, don wanda ya tafi bai bar wa wanda ya zo bayani ba.

Wanda ya ƙetara zuwa maƙwabciyar jiha kada ya ɗauki waɗannan ranaku da kaso ya tafi da su. A Mishigan ofisoshin sherif ne manyan masu karɓar tallafin, ana nema tun kafin lokacin sintiri ya fara a san adadin da aka amince, kuma a sintirin ƙanƙara gunduma tana zuba kashi 15 jiha ta ɗauki 85. Ko a Wiskonsin ɗin ma, iyakar sa'o'i da adadin da ake warewa suna sauyawa idan aka gyara ƙa'idojin ma'aikata ko aka zartar da sabon kasafi. DNR tana fitar da littafin jagora na kowane sintiri, ka sauko da na bana kafin ka cike fom na farko, ka gwada shi da na bara shafi da shafi, ka ja layi a duk inda adadi ya canza.